Tauraron ɗan'adam na ganin jirgi, ba ya ganin bashi

A tsibirin Benjina, can gabashin Indonesiya, akwai wata maƙabarta da sunayen da ke rubuce a kan kaburburanta ba na mamatan ba ne. Yawancin waɗanda ke kwance a ciki mutanen Myanmar ne, amma sunayen mutanen Tailan aka rubuta musu, domin da takardun jabu aka ɗora su a jiragen kamun kifi, kuma da sunan jabun aka binne su. Rahoton da kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar a watan Maris na 2015 ya nuna maza kulle cikin keji a harabar kamfanin kifi na tsibirin, wasu don kawai sun ce suna son komawa gida. Sun ba da labarin aikin awa 20 zuwa 22 ba hutawa, da bulala da wutsiyar wani kifi mai dafi. Wani daga cikin waɗanda suka kuɓuta a wannan yanki shekara 22 ya yi rabonsa da ganin mahaifiyarsa.

Da labarin ya fita, hukumomin Indonesiya suka kwashe mutum fiye da 300 daga tsibirin cikin 'yan kwanaki. Amma kifi na ganinka mai jar koma. Jirage da dama suka sulale da mutanen da ke cikinsu, suka nufi ruwan Papua New Guinea, aka sake musu suna da tuta. A nan ne tauraron ɗan'adam ya shigo cikin labarin. 'Yan jaridar sun sami labarin yankin da jiragen suka nufa daga bakin waɗanda suka tsere, suka roƙi kamfanin DigitalGlobe ya juya kyamarar tauraronsa can. A watan Yuli na 2015, daga nisan fiye da kilomita 600 a sama, aka ɗauko hoton wani ƙaton jirgin dakon kifi mai firji, ƙofofin rumbunsa a buɗe, da jiragen kamun kifi guda biyu manne da shi, ɗaya a kowane gefe. A watan Agusta sojojin ruwan Indonesiya suka kama jirgin dakon, mai suna Silver Sea 2. Jimillar waɗanda binciken ya zama sanadin 'yantarwarsu ta haura mutum 2,000.

Na daɗe ina kallon wannan hoto. Babu sarƙa a cikinsa, babu keji, ba a ma iya rarrabe mutum. Jirage uku ne a kan ruwa. Wanda bai san labarin ba zai ce ana sauke kaya ne kamar kullum, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da ya mai da hoton shaida shi ne bakin mutanen da suka ce a duba can, da idon waɗanda suka taɓa zama cikin irin jiragen. Duk wanda zai yi magana kan amfani da taurari wajen yaƙi da bautar zamani, daga nan ya kamata ya fara, domin a nan ƙarfin abin yake, a nan kuma iyakarsa take.

Matsalar da ta tura masu bincike duban sama ita ce ƙidaya. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Ƙaura ta Duniya da gidauniyar Walk Free suka fitar a 2022 ya ce kusan mutum miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani: miliyan 27.6 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. Amma babban ɓangaren irin wannan lissafi daga tambayar mutane gida-gida ake samo shi. To wanda ke tsakiyar teku shekara uku bai taka ƙasa ba, wa zai ƙwanƙwasa masa ƙofa? Haka wanda ke cikin ramin zinariya a daji. Ga gwamnatoci kuma, ba kowacce ke son a ƙirga mata abin kunyarta ba. Tauraro ba ya neman biza, ba ya jiran izinin gwamna ko na mai gona.

Aikin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda cibiyar Rights Lab ta Jami'ar Nottingham a Ingila ta yi a kan wuraren gasa jan bulo a kudancin Asiya. Akwai wani shimfiɗeɗɗen yanki da ya ratsa Pakistan da arewacin Indiya da Nepal da Bangladesh, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi, wato ya fi Najeriya ɗaya da rabi, cike da waɗannan matoya. Yadda ake kama mutum a can ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san bashin kaka. Dillali zai je ƙauye lokacin da hannu ya bushe, ya ba magidanci kuɗin kafin alƙalami, su suna kiransa peshgi. Magidanci ya kwaso mata da yara su tare a matoya. Ba a biyan mutum ɗaya-ɗaya, iyali ake biya a kan kowane bulo dubu, don haka dole yaro ɗan shekara takwas ya sa hannu in ana son lissafi ya cika. Littafin bashi yana hannun mai matoya, shi ke rubuta kuɗin abinci da na magani da na bulon da ruwan sama ya lalata. Shekara ta ƙare, bashi ya ƙaru. Uba ya mutu, ɗa ya gada. Indiya ta haramta wannan tun 1976, Pakistan tun 1992, amma babu wanda ya san ko matoya nawa ne, balle a je a duba.

Sa'ar da aka yi ita ce matoyar bulo tana da kama. Daga sama za ka ga wani zagaye mai siffar ƙwai, da dogon bututun hayaƙi a tsakiya yana jefa inuwa, ga layukan ɗanyen bulo an shanya a gefe, ga ramukan da aka haƙi laka. Ba ta kama da gona, ba ta kama da gida. Farfesa Doreen Boyd da abokan aikinta, ciki har da Kevin Bales da ya shafe shekaru yana rubutu kan bautar zamani, suka yanka yankin gunduwa-gunduwa, suka zaɓi wasu gunduwoyi, ƙwararru da masu sa kai suka zauna gaban kwamfuta suna ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan samfurin suka fitar da ƙiyasi a 2018: matoya 55,387. Daga baya aka koya wa manhaja gane siffar da kanta, ta bi yankin kaf tana sa alama a kan kowace.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jami'in ƙwadago da ke da babur ɗaya da man kwana biyu yanzu ya san inda zai dosa. Ƙungiyar da ke son buɗe wa yaran matoya aji ta san inda suka fi yawa. Gwamnan da ya ce babu irin wannan a jiharsa, ana iya ajiye masa taswira a kan tebur. Sai dai taswirar ba ta ce ga matoyar da ake bauta, ga wadda ake biyan haƙƙi ba. Bashi ba ya jefa inuwa. Ido ba mudu ba ne, ya dai san ƙima, kuma abin da ke hannun masu binciken ƙima ce: sana'ar da aka san bautar bashi ta yi katutu a cikinta, ga yawanta, ga inda take.

A teku kuwa, ba hoto kaɗai ake dogaro da shi ba. Manyan jirage suna ɗauke da wata na'ura da ke shelanta sunan jirgi da inda yake da saurinsa, asalinta don kada jirage su yi karo, kuma taurari suna tsintar wannan saƙo. Ƙungiyar Global Fishing Watch, wadda ta buɗe taswirarta ga kowa a 2016, tana tara waɗannan saƙonni. A 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka yi wata tambaya mai ma'ana: shin jirgin da ke bautar da ma'aikata yana da wata tafiya ta daban? Hankali zai ce e. Wanda ba ya biyan albashi zai iya nisan da mai biya ba zai iya ba. Wanda ke tsoron ma'aikata su gudu ba zai so shiga tasha ba, sai ya riƙa sauke kifi a tsakiyar teku ga jirgin dako, kamar yadda aka gani a hoton can. Suka sa wata manhaja ta duba jirage kusan 16,000 daga 2012 zuwa 2018, suka ce kashi 14 zuwa 26 cikin ɗari suna da irin wannan tafiya, kuma mutum 57,000 zuwa 100,000 ne suka yi aiki a cikinsu.

Wasu masana sun soki binciken, kuma ina ganin sukar tana da tushe. Jiragen da aka tabbatar da laifinsu, waɗanda da su aka koyar da manhajar, 'yan ƙalilan ne. In ka koya wa yaro gane ɓarawo da fuskoki kaɗan, duk mai irin wannan hula zai sha tsawa a kasuwa. Sannan na'urar da ke shelanta inda jirgi yake tana da makunni, kuma mai mugun nufi shi ne farkon mai kashe ta. Wani binciken da ya fito a farkon 2024, wanda ya yi amfani da taurarin rada masu ratsa gajimare da duhu, ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa bayyana a wannan taswira ta kowa da kowa. Amfanin abin a wurina shi ne a tasha: in jirage ɗari suka shigo, sufeto kuma biyar kaɗai zai iya hawa, gara ya san biyar ɗin da suka yi wata goma ba su ga ƙasa ba. A ɗauki lissafin manhaja a matsayin hukunci kuwa zalunci ne.

To mu fa, a wannan yanki namu?

Wurin da aka fi gwada wannan dabara kusa da mu shi ne tafkin Volta a Ghana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a shekarun 1960, ta nutsar da garuruwa da dazuzzuka, har da tsohon Kete Krachi inda Hausawa fatake suka kafa zango tun zamanin cinikin goro. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna nan a ƙasa suna kama taru, kuma yara ake turawa su nutsa su warware shi. Wasu ba sa fitowa. A 2015 aka sa dubban masu sa kai suna duba hotunan tafkin suna sa alama a kan kwale-kwale da bukkoki, don a san girman sana'ar. An samu lissafi. Amma kwale-kwale da yaro a ciki bai gaya maka ko ɗan masuncin ne yana koyon sana'ar gidansu, ko kuwa yaron da aka karɓo daga wata matalauciyar uwa a bakin teku da kuɗi kaɗan. Wasu masanan Ghana sun koka cewa ana yi wa duk yaron da ke kan ruwa kallon bawa, har a kan raba yara da iyayensu na gaskiya da sunan ceto. Wanda ya san garin, ya ji yaren, shi ke iya rarrabewa.

Sai hamada. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a arewacin Arlit ta Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, akasari daga yankin Kantche a jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Duk lokacin da na ji ana zuzuta idon sama, waɗannan matan nake tunowa, ina tambayar kaina ko da akwai tauraron da zai cece su. Gaskiya da wuya. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda hotunansu kyauta ne, kowane ɗigo a hotonsu mita 10 ne, kuma sai bayan kwana biyar suke sake bi ta wuri ɗaya. Motar Hilux ba ta cika ɗigo ɗaya ba. Masu kaifin gani, irin wanda ya kama jirgin can da ke rarrabe abu mai faɗin kamu ɗaya ko ƙasa da haka, na 'yan kasuwa ne, da tsada, kuma sai ka gaya musu inda za su duba. Ga hazo, ga tafiyar dare. Mutum a hamadar Tenere ba shi da kwana biyar.

Abin da tauraro ke gani a hamada shi ne sawu. Taya tana barin zane a kan rairayi da tsakuwa, kuma in aka jera hotunan shekaru ana ganin yadda hanyoyi ke sauyawa. Da wannan ne ƙungiyar Border Forensics, mai binciken abin da ke samun 'yan ci-rani a iyakoki, ta yi aiki a rahotonta na 2023 kan hanyar Agadez zuwa Sabha ta Libiya. A 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta jigilar baƙin haure, aka fara zartar da ita da ƙarfi a 2016 bisa goyon bayan Turai, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Kafin nan ayari ne ke tashi daga Agadez duk Litinin da rakiyar soja, ana bin rijiyoyi. Hotunan wuraren Segedin da Madama da Tummo sun nuna sababbin sawu sun yi ta fantsama nesa da babbar hanya, nesa da shingen soja, wato nesa da ruwa da kuma duk wanda zai kawo ɗauki in mota ta mutu. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, bayan juyin mulki.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Ana yawan cakuɗa abu biyu: direban da ka biya ya tsallakar da kai iyaka da yardarka, da mai fataucin da ya yaudare ka ko ya tsare ka don ya ci guminka. Dokar duniya ta raba su tun yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000, amma daga sama motarsu ɗaya ce. Idon da aka ce an ɗora don ceton bayi, shi ne kuma zai nuna wa mai tsaron iyaka inda talaka ya bi. A tekun Bahar Rum an riga an ga haka: ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch da Border Forensics sun nuna a 2022 yadda jiragen leƙen hukumar iyakokin Turai, har da marasa matuƙa, ke gano kwale-kwalen 'yan ci-rani, labari ya kai ga dakarun gaɓar Libiya, a mayar da mutane ƙasar da a 2017 duniya ta ga bidiyon ana gwanjon maza a kan dala 400. An gudu ba a tsira ba. Kuma duk lokacin da hanya ta ƙara wuya, kuɗin mota ya tashi, masu tafiya bashi suna ƙaruwa. Su ne ke ƙarewa a abin da matafiyan da kansu suka raɗa wa suna gidan bashi, inda ake kiran 'yan uwanka a waya ana dukanka don su ji kukan su aiko da kuɗi. Gidan bashi daga sama katanga ce da rufi, kamar na maƙwabta.

Inda nake ganin idon sama zai yi mana aiki na gaske shi ne ma'adinai. Ramin zinariya ba ya ɓuya: ƙasa tana sauya launi, tantunan leda suna tsirowa, gari ya tashi cikin wata biyu a inda babu kowa, kamar yadda aka gani a Djado da Tchibarakaten na arewacin Nijar tun 2014. Ɗigon mita 10 ma ya isa ganin wannan. A farkon 2019 hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, NAPTIP, ta ce ta ƙiyasta 'yan mata da matan Najeriya kusan 20,000 ne ke maƙale a Mali, da yawa an yi musu alkawarin aiki a wata ƙasa mai nisa, aka ƙare da su a sansanonin masu haƙar zinariya ana tilasta musu karuwanci. Irin waɗannan sansanoni suna ƙaura, yau nan gobe can. Taswirar da ake sabuntawa duk mako za ta gaya wa jami'i da ma'aikacin lafiya inda sabon sansani ya tashi. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003, wasu biyu na ɗaukar hoton ƙasa a 2011, jami'o'inmu kuma suna yaye masu karatun taswira duk shekara. Ba sabon tauraro ake buƙata ba. A zaunar da waɗannan matasa da jami'an da ke fita fili, a ba su intanet da man mota.

Na ce man mota da gangan, don zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ƙasar da ta fi burge ni a wannan yaƙi ita ce Brazil, kuma ba da kyamara ta fara ba. A 1995 ta kafa ayarin sufetocin ƙwadago da masu gabatar da ƙara da 'yan sandan tarayya, masu dirar wa gona ba sanarwa, a lissafa haƙƙin ma'aikata a sa mai gona ya biya nan take. Daga 2003 ta fara wallafa sunayen waɗanda aka kama, bankuna da kamfanoni su juya musu baya. An 'yantar da fiye da mutum 60,000 ta wannan hanya, kuma sau da yawa wani ma'aikaci ne ya tsere da ƙafa ya kai ƙara. In akwai irin wannan ayari, taswira tana ninka ƙarfinsa. In babu, an dai ƙara sanin abin da ba za a taɓa ba. Ko a Benjina, bayan duk hotuna da lambar yabo ta Pulitzer da 'yan jaridar suka samu, hukuncin da kotu ta yanke wa mutum takwas a 2016 shekara uku-uku ne.

Akwai kuma gaskiyar da ba na son mu kauce mata. Mafi yawan bautar da ke tsakaninmu ƙarƙashin rufi take. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake saya a ajiye bayan matan aure huɗu, ta kai Nijar ƙara kotun ECOWAS ta yi nasara a 2008, cikin gida ta yi bautarta, gidan da ba ya da wata alama daga sama. Matan da dillalai ke kai wa aikatau ƙasashen Larabawa a ƙwace musu fasfo, cikin gida suke. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, yara da manya. Taurari sun yi shekaru suna wucewa ta kan wannan rufin. Tsegumin da wani ya kai wa 'yan sanda ne ya buɗe ƙofar.

Kwanakin baya na buɗe taswirar Google a waya ina neman unguwarmu. Na gane masallaci, na gane kwanar mai shayi, na bi layi har gidan da ke bayan namu. A gidan akwai wata yarinya 'yar aikatau, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, wadda wata mata ta kawo daga ƙauye, kuma hannun matar kuɗin watan ke shiga. Ina jin ƙarar tsintsiyarta kafin kiran assalatu, ina jin wanke-wankenta bayan an kashe janareta. Shekara biyu ke nan ban ga ta fita da allo ko jaka ba, kuma ban taɓa yi wa maigidan magana ba, duk da sahu ɗaya muke tsayawa. Na sa yatsa biyu na ƙara girman hoton har ya dushe. Rufin kwano ne, da baƙin tankin ruwa, da inuwar dalbejiya a tsakar gida.